Abin da ke ƙarƙashin fenti

A Kaduna lokaci biyu ne masu fenti ba sa samun sukunin zama: goman ƙarshe na azumi, da kuma ƙarshen shekara in bukukuwan aure suka taru a Disamba. Kowa so yake a zo yau a gama jibi. Mai gida ya sayo bokiti biyu, a kira yaro da rola, a shafe ɗaki, a buɗe taga ya sha iska, baƙi su zo su ce kai, gida ya yi kyau. Kafin damina ta biyu ta fita fentin ya fara kumbura daga ƙasa, tsagar da aka rufe ta dawo daidai inda take, sai a ce ai fentin ne jabu. Wani lokacin jabun ne, ba na musu. Amma a yawancin ɗakunan da na gani, fentin ba shi da laifi. Bangon da aka ɗora shi a kai ne ba a shirya ba.

Gidanmu na Tudun Wada ne ya jefa ni cikin wannan magana. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya gina shi lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri, zamanin da masaƙun ke aiki dare da rana. Ginin bulo ne da filastar siminti: ciki da falo biyu, ɗakin Hajiya, kicin, da zaure. Ƙanina zai yi aure, aka ce a gyara masa ɓangare ɗaya, kuma tunda za a kawo ma'aikata a haɗa da ɗakin Hajiya da ya daɗe yana neman gyara. Ni ne babba a cikin maza, don haka tsayuwa a kan ma'aikata ta faɗo kaina.

Mai fentin da muka samu dattijo ne daga Rigasa, Baba muke ce masa. Ranar da ya fara zuwa ko buroshi bai riƙo ba. Makullin babur ɗinsa ya zaro, ya fara bin bango yana ƙwanƙwasawa, daga kusurwa zuwa kusurwa, sama da ƙasa, kunnensa kusa da bangon. Inda filasta ta kama bulo da kyau ƙarar a dunƙule take fita. Inda ta saki, sai ka ji fanko. Duk inda ya ji fanko sai ya kewaye wurin da alli. Kafin ya gama falon, bangon da nake gani lafiyayye ya cika da da'irori, wasu faɗin tafin hannu, ɗaya a ƙarƙashin taga ya kai faɗin faifai biyu. Daga nan ya shafa tafin hannunsa a bango ya nuna mini: fari fat, gari ne ya biyo shi.

"Malam, ka ga wannan? Duk abin da ka shafa a kai, garin nan zai kama, ba bango ba."

Da ya sa sikirefa ya kankare wani wuri a ɗakin Hajiya, sai tarihin gidan ya fito jere. A sama ruwan madara, fentin ruwa na 'yan shekarun nan. Ƙarƙashinsa shuɗi. Daga ƙugu zuwa ƙasa akwai koren fentin mai, irin wanda ake yi a da don kada yara su ɓata bango. Can ƙarshe kuma, a jikin filasta, farar ƙasa. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa ta ce shuɗin nan ai na sunan autarmu ne, mahaifinmu da kansa ya shafa shi da daddare. Baba ya ce Allah ya jiƙan maza, ya ci gaba da kankara.

Farar ƙasar nan ita ce tushen rabin matsalar tsofaffin gidajen unguwanninmu. Ita a karan kanta ba ta da aibu, ta ma fi fentin zamani barin bango ya yi numfashi. Sai dai ba ta da ƙarfin riƙe abin da aka ɗora mata. Fentin ruwa in yana bushewa fata yake yi, fatar kuma tana ɗan tsukewa tana jan abin da ke ƙasanta. In abin da ke ƙasan gari ne, sai ta taso da shi. Kowane sabon shafi ƙara nauyi yake da ƙara ja, shi ya sa za ka ga ɗakin da aka fi yawan yi wa fenti shi ya fi ɓarewa. Maganin ba shi da daɗi: a jiƙa, a kankare, a wanke da soso, har sai hannu ya daina ɗebo gari. Yara biyu Baba ya sa a wannan aikin, kuma shi ne ya fi cin lokaci a duk gyaran.

A kan koren fentin man nan na tsaya kai da fata. Tsofaffin fentocin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, kuma in aka goge su da sanfefa a bushe, dalmar ƙura take zama ta bi gida. Duk ɗan Arewa ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba na cewa bangon ɗaki ya kai wannan, amma guba ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, su da komai suka taɓa sai baki. Muka kwashe jikokin Hajiya zuwa gidan yayarmu a Unguwar Rimi, aka riƙa jiƙa wurin kafin a goge, yaran Baba suka sa takunkumi duk da ƙorafin da suka yi ta yi, aka tattara ɓawon a buhu aka ɗaure. Share ɗakin ma da jiƙaƙƙen tsumma aka yi, ba da tsintsiya ba.

Sai tsagogi. Baba ya raba su gida biyu, kuma na ga hikimar rabon. Akwai sirara masu yawo ko'ina a fuskar filasta, waɗanda ko farce ba ya shiga. Waɗannan tun ranar gini suke: ko siminti ya yi yawa a kwaɓin, ko rana da iska sun busar da filastar kafin ta kama. Ba sa tsoratar da kowa, foti (kwaɓin cike ƙananan ramuka) ko sikiridin (siririn shafin da ke sa bango ya yi sumul) na rufe su. Akwai kuma waɗanda ke tashi daga kusurwar taga ko ƙofa su yi sama a karkace, ko su bi layin bulo hawa-hawa, ko su miƙe a tsaye daidai inda bulo ya haɗu da ginshiƙin kankare. Waɗannan motsi ne ya haife su. In tsaga tana da faɗi, ta ratsa har waje, kuma tana ƙaruwa, to ba aikin mai fenti ba ne, injiniya za a kira ya duba tushen ginin. Tamu ta kan linta, wato kankaren da ke saman ƙofa ko taga, ta daɗe a haka ba ta ƙaru ba, Hajiya ta shaida, don haka aka yi mata gyaran da ake yi wa irinta.

Na zauna na kalli birkila yana yin gyaran. Abu na farko da ya yi shi ne ƙara wa tsagar faɗi. Ya sa kurfi da guduma ya buɗe ta, baki mai faɗi ciki mai tsini, don kwaɓi ya samu wurin zama. Ya kaɗe ƙurar da buroshi, ya watsa ruwa har bulon ya ƙoshi, ya jira ƙyallin ruwan ya ɓace. Sannan ya kwaɓa siminti ɗaya yashi huɗu, yashi mai laushi da ya tankaɗe da rariya, ya riƙa cusa shi da bakin cokali yana dannawa, ba shafawa kawai ba. A kan doguwar tsagar da ke gefen ginshiƙi, da kuma inda mai wayarin ya sassaƙa bango ya binne bututun wuta, ya shimfiɗa raga kafin ya rufe, ta haura kowane gefe da kamar faɗin yatsu huɗu. Ragar ce ke riƙe filasta in kankare da bulo suka motsa, domin zafi da sanyi ba sa motsa su daidai da juna. A Panteka na samo ta. Wurin da ya yi zurfi sosai bai cika shi lokaci guda ba, sai da shafin farko ya kama ya dawo ya ƙarasa, ya bar shi ƙasa kaɗan da fuskar bango don foti ya samu wuri.

Wani abu da na hana shi shi ne zuba garin POP a cikin kwaɓin siminti. Birkiloli da yawa suna yi don ya kama da wuri su tashi. Yana kamawa kuwa, cikin 'yan mintoci. Amma POP da siminti ba sa zaman lafiya inda akwai danshi: a hankali kwaɓin yake kumbura ya farfashe, ya turo fentin waje. A busasshen wuri, don toshe ramin ƙusa, POP shi kaɗai ba laifi. Ramukan ƙusa kuwa a ɗakin Hajiya ba sa ƙirguwa: na agogo, na kalanda, na labule, na igiyar gidan sauro. Wasu ƙusoshin sun karye a ciki sun yi tsatsa, sai da aka zaro su da filaya, domin in aka bar su jan tabo zai huda sabon fenti ya fito. A kusurwoyin sama kuma aka kakkaɓe gidajen zanzaro, aka wanke jar ƙasar da suka bari.

Daga nan rigima ta taso. Baba ya ce manyan facin siminti sai sun samu sati huɗu kafin fenti ya hau su. Ƙanina ya kira ni gefe.

"Yaya, dangin amarya fa sun sa ranar jere. Me zan ce musu, bango bai bushe ba?"

Baba ya ji shi, ya yi dariya. "Ango, ba a fafe gora ranar tafiya. In ka ce in shafa yau zan shafa, kuɗinka ne. Amma kafin amarya ta gama cin amarci za ka ga taswirar kowane faci."

Maganarsa tana da tushe. Siminti kwana 28 ake ƙidaya masa kafin a ce ya kai ƙarfinsa, kuma a kwanakin farko cike yake da ruwa da kaifin sinadari irin na toka, wanda ke cin launin fenti, ya kuma narkar da fentin mai ya koma danƙo. Ƙari a kan haka, sabon faci ba bushewa yake so da farko ba, ruwa yake so. A hunturun Kaduna, da iskar nan mai tsage leɓe, facin da aka yi da safe kafin la'asar ya yi fari ya fara tsagewa in ba a ba shi ruwa ba. Muka sa yaro yana yayyafa masa safe da yamma a makon farko, aka rufe tagogi, daga baya aka buɗe don ya sha iska. Hunturu na da wannan halin: yana taimakon mai son tsohon bango ya bushe, yana cutar mai sabon siminti, ga kuma ƙura da ke manne wa ɗanyen fenti. Abin da ya cece mu shi ne an fara da ɓangaren ango, aka yi duk aikin siminti a tashin farko, sannan ma'aikata suka koma ɗakin Hajiya da kicin yayin da facin ke shan kwanakinsa. Dangin amarya aka roƙe su suka ɗan matsa da ranar jeren, Hajiya ce ta yi wannan maganar da kanta, ni ba zan iya ba.

Ɗakin Hajiya shi ne mai ciwon gaske. Bangon da ke kallon lungu, daga ƙasa zuwa kusan ƙugu, fentin ya yi ƙuraje, ga wani farin gishiri da ke tsirowa a kai. Baba ya manna leda a wurin da salatif, ya rufe gefunanta huɗu, ya ce a bar ta ta kwana. Da safe cikin ledar ya yi gumi, bangon da ke bayanta ya yi duhu. A tsakiyar rani ke nan. Da muka zagaya lungun sai dalilin ya bayyana. Shekara da shekaru ana cika hanya da ƙasa da ɓaraguzai, har ƙasan waje ta fi daɓen ɗakin tudu. Ruwan kwanon rufi kuma a gindin bangon yake zuba, ga kwatar maƙwabta tana bi ta nan. Gidajen wancan zamani da yawa ba a shimfiɗa musu leda a tushe ba, don haka bulo na tsotsar ruwan ƙasa yana hawa da shi, ruwan ya bushe a fuskar bango ya bar gishirinsa.

Birkila ya ce a manna tayil zuwa ƙirji a huta, haka kowa ke yi yanzu. Na ƙi. Na ga gidaje a Kawo da Badarawa da aka yi haka: ruwan ba ya fasa hawa, hanyar fita kawai aka toshe masa, sai ya haura ya ɓullo a saman tayil ɗin, inda ido ya fi gani. Muka haƙe ƙasar lungun ta koma ƙasa da daɓe, aka yi 'yar magudana ta siminti mai gangara, aka sa wa rufin indararo ya kai ruwa nesa da bango. A ciki aka sauke ruɓaɓɓiyar filastar har ta wuce layin danshin, aka bar bulon tsirara ya sha iska, sannan aka sake filasta da maganin hana ruwa a cikin kwaɓin. Gishirin kuwa a bushe ake goge shi da buroshi mai tauri. In ka wanke shi da ruwa narkewa yake ya koma ciki, ya sake fitowa.

Sikiridin zan yi gajeriyar magana a kansa. Yanzu ya zama ado, kowa so yake bangonsa ya yi sumul. Kwaɓi ne na farin siminti ko POP da gam irin Top Bond da ɗan fenti, a shafa siriri da faffaɗan ƙarfe, a goge da sanfefa. Yana da kyau a falo. Amma ba magani ba ne, kuma in aka yi shi a kan bango mai gari ko mai danshi, faifai-faifai yake saukowa. A ɓangaren ango muka yi shi, a ƙasan bangon Hajiya ba mu yi ba. Abin da ya burge ni shi ne yadda Baba ke duba shi. Ya jira magariba, ya kashe ƙwan ɗakin, ya kwantar da tocila a jikin bango hasken na bin fuskarsa. Kowane tudu da kwari, kowane sawun ƙarfe, sai ya yi inuwa. Ya bi da fensir yana yi musu alama, washegari yaransa suka bi da sanfefa mai lamba 120, suka ƙarasa da 180. Ƙaramar lamba ta fi kaushi, 80 ta kankara ce, ba ta gamawa ba. Bayan gugar sai da aka share ƙurar tas da ɗanyen tsumma, domin ita ma gari ce.

Yanzu firaima, shafin farko da ake yi kafin fenti, wanda shi ne abin da mutane suka fi tsallakewa saboda ba a ganinsa. Bangon da aka gama yi wa faci ba abu ɗaya ba ne: nan tsohon fenti, nan sabon siminti, can foti, can sikiridin. Kowanne da yadda yake shan ruwa. Sabon faci yana zuƙe fenti kamar sabuwar randa, tsohon fentin da ke gefensa kuma ba ya sha. In ka shafa launi kai tsaye, inda ya sha zai dushe, inda bai sha ba zai yi ƙyalli, ko shafi nawa ka ƙara tabon na nan, musamman da rana in haske ya shigo ta taga. Firaima shi ke shiga ya toshe ƙofofin, ya ɗaure ragowar garin, ya mai da bangon fuska ɗaya, ya ba fenti abin kamawa. Baba na gwadawa da ɗan ruwa: ya watsa, in bangon ya shanye nan take ya yi duhu, yana buƙata.

Lissafin kuɗin ma yana goyon bayansa. Ɗaki mai ƙafa sha biyu sha biyu, in ka cire ƙofa da taga, bangonsa bai wuce murabba'in mita 40 ba. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya na rufe kusan mita 10 a bangon da aka shirya, wato galan mai lita 4 shafi ɗaya ke nan. A bango mai ƙishi wannan lissafi ba ya aiki, sai ka ga bokiti mai lita 20 ya yi ƙasa ɗaki bai rufu ba. Gara bangon ya sha firaima mai araha, fenti mai tsada ya zauna a sama.

Sai dai ba kowane firaima ne na kowane wuri ba. A kan sabon siminti wanda aka rubuta yana jure kaifin siminti muka sa. A kan ragowar fentin mai, bayan an kashe ƙyallinsa, sai wanda ke kama santsi, in ba haka ba fentin ruwa da farce ma sai ka ɓare shi. Tabo kuma nasa daban. Kusurwar da Hajiya ke ajiye kaskon turaren wuta ta yi launin zuma har silin, shekaru na hayaƙi mai maiƙo. Gefen gado, daidai inda ake jingina kai, man gashi ya zana nasa. A kicin ga baƙin hayaƙin risho da gawayi, a silin ga sawun tsohon yoyo. Duk waɗannan in ka rufe su da fentin ruwa, ruwan fentin ne ke jiƙa su ya jawo su sama, washegari ka tarar da su suna jiranka. Aka wanke su da ruwan ɗumi da garin sabulu, aka ɗauraye, suka bushe, sannan aka bi su da firaima na mai, wuraren kawai, kafin na ruwa ya bi dukan bangon. Hajiya ta ce a bar mata kusurwar turarenta, ai gobe ma za ta kunna. Baba ya ce, "Hajiya, ki kunna, amma ki ɗan janyo kaskon daga jikin bango."

Masu fenti da yawa in ka ce firaima, abin da suke yi shi ne su tsinka fenti mai araha da ruwa su watsa. A busasshen sikiridin mai tsabta wannan na iya wucewa, ba zan ce haramun ba ne. Amma ba ya ɗaure gari, ba ya tare tabo, ba ya jure sabon siminti. Kuma ban cika ganin laifinsu ba. Mu masu gida ne muke yin jinga a kan ɗaki, mu biya in mun ga launi. Wanda aka biya don launi me zai sa ya ɓata kwanaki a kan kankara? Ni da Baba kashi uku muka raba kuɗin aikin: na kankara da faci, na guga da firaima, na fenti. Kowane kashi sai na zo na shafa hannu na duba kafin a wuce. Kayan kuma da kaina na sayo, a rufe, na karanta abin da aka rubuta a jikin bokiti game da yawan ruwan da za a ƙara da awannin da za a jira tsakanin shafi da shafi. Kuɗin aikinsa ya fi na yaran da suka fara yi mini tayi, kusan ninki. Fentin da muka saya kuma bai kai abin da su suka rubuta mini ba.

Fentin kansa ba shi da labari. Shafi biyu, kwana biyu, ya zauna lafiya lau. Ango ya zaɓi ruwan toka mai haske, dangin amarya suka zo suka ce ya yi duhu da labulensu, wannan kuma tsakaninsu ne. Ragowar kowane launi na juye a ƙaramar roba mai murfi, na rubuta sunansa da ɗakin da aka shafa, saboda masu jere ba sa shiga ɗaki su fita ba su buga ƙusa ba.

Ƙasan bangon Hajiya mai kallon lungu har yanzu ba a yi masa launi ba, farar filasta ce kawai da kabad a gabanta, an ɗan janye shi don iska. Zauren ma haka, don shi ma yana da irin ciwon. Baba ya ce a bar su su ga ruwan Agusta da Satumba tukuna. In ledar da zai manna bayan damina ta kwana a bushe, zai zo da rolarsa. In ta yi gumi, za mu koma lungu da diga.